Fentin Farko Ba Ya Dawowa

Wata ranar Laraba bayan la'asar, a ƙarshen watan Agustan 2024, muna zaune kan benci a ƙofar shagona a nan Sabo, ana ta hirar tsadar shinkafa da ta man fetur, sai ɗana na biyu ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, ka ga motar da ta ci gasar kyau a Amurka." Na karɓa, na gyara tabarau. Wata baƙar mota na gani 'yar siririya, babu rufi a kanta, fentinta ya ɓaɓɓare wuri-wuri, fatar kujerarta ta ƙoƙe ta yi zane-zane kamar tafin ƙafar manomi da rani. Waya ta zaga hannu-hannu. Maƙwabcina mai canji ya ce, "Liman, wannan ai ko 'yan gwangwan sai sun nemi ragi." Da yaron ya ce wai wani sarkin Beljiyam ne ya taɓa mallakarta, sai wani dattijo a cikinmu ya ce, "To, ga 'yar Beljiyam ta gaskiya, ba irin wadda ake shigo mana da ita ta Kwatano ba." Aka kwashe da dariya, har da ni.

Dariyar ba ta daɗe ba. Yaron ya karanto mana cewa a shekarar 2020 an sayar da wannan motar a gwanjo a Ingila kan fam 9,535,000. Mai canji ya jawo kalkuletarsa ya fara dannawa, can sai ya ajiye ya ce lambobin sun fi ƙarfin fuskarta. Dariya ta koma salati. Kowa ya yanke hukunci iri ɗaya: Turawa kuɗi ya yi musu yawa, sun rasa inda za su zuba.

Ni ma haka na faɗa a wurin. Amma da na kwanta da dare sai wata tsohuwar buta ta faɗo mini a rai, wadda na fi shekara arba'in ban tuna da ita ba.

Tsofaffin mutanen unguwar nan sun san sana'ar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Kayan gargajiya yake sayarwa: tasoshin tagulla, takubba, tsakiya, jakunkunan fata. Yakan ɗaure su cikin ƙunshi ya bi gidajen malaman Jami'ar Ibadan, musamman Turawan da ke koyarwa a lokacin, ya shimfiɗa a baranda a yi ciniki. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ya dawo daga tafiya da wata butar tagulla ƙirar Bida, tsohuwa ƙwarai, ta yi baƙi-baƙi da kore-kore, hannunta ya sulɓe saboda yawan riƙo. Ya ajiye ta daban, ya ce akwai wani Bature da ya daɗe yana neman irinta. Ni kuma da son a yaba mini, ya fita masallaci na ɗauko toka da lemun tsami na zauna bayan ɗaki. Na goge ta sai da na ga fuskata a jikinta. Na kai masa ina washe baki.

Bai doke ni ba, ko tsawa bai yi mini ba. Ya juya ta a hannunsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka wanke mata shekarunta." Kashegari na bi shi gidan Baturen. Mutumin ya ɗaga butar, ya duba gindinta, ya girgiza kai ya ajiye. Daga baya an sayar da ita a kuɗin sabuwa, wanda bai kai ko kuɗin motar da Baba ya kashe ya ɗauko ta ba. A ranar ban gane laifina ba. A ganina datti na cire.

Wannan tunanin ne ya sa na ce wa yaron ya nemo mini labarin motar nan sosai, yana karantawa yana fassara mini, dare bayan dare, har uwarsa ta fara tambaya ko wani sabon darasi muka buɗe.

Sunanta Bugatti Type 59, ƙirar 1934, daga garin Molsheim na ƙasar Faransa. Motar tsere ce tun asali, injinta mai silinda 8, kuma duk irinta da aka ƙera ba su kai goma ba. Wani direba mai suna René Dreyfus ya ci babban tseren ƙasar Beljiyam da ita a 1934. Bayan 'yan shekaru kamfanin ya sa mata fitilu da marufin ƙafafu don ta iya hawa titi, sannan a 1938 Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya saye ta, aka shafa mata baƙin fenti da ratsin rawaya. Wannan fentin ne har yau a jikinta. Inda ya ɓare kana hango shuɗin da take da shi lokacin tana tsere. Gasar da ta ci ita ce ta Pebble Beach, a bakin teku a jihar Kalifoniya, wadda aka fara tun 1950, yanzu kuma a watan Agusta ake yin ta. Shekaru da yawa, motocin da aka kwance aka sabunta su tas suna ƙyalli su ke ɗaukar babbar kyauta. A 2024 ne karo na farko da mota daga rukunin waɗanda aka bari yadda suke ta ɗauke ta. Wato abin da Baturen Baba ya nema a jikin buta, shi alƙalan gasar suka gani a jikin mota.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma abu na farko da ɗan kasuwa zai tambaya shi ne: me ya sa kayan ya yi ƙaranci? A nan ne na gane dalilin da ya sa buɗaɗɗiyar mota ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, ta fi sauran jan hankalin masu tara motoci.

Tun farko ba a yi su da yawa ba. A wancan zamani, mai kuɗi in zai sayi babbar mota sau da yawa shasi da inji yake saya, sannan a ɗora mata bodi yadda yake so, kamar yadda za ka yanki shadda ka kai wa tela. Ana yin ƙashin bodin da katako, a buga ƙarfe ko alminiyam da guduma a lulluɓe shi, duk da hannu. Mai rufin tampol da ake naɗewa baya kuwa ta nishaɗi ce, ta mutumin da ke da wata motar ta zuwa aiki. Saboda haka kaɗan ake oda.

Kaɗan ɗin ma su suka fi saurin mutuwa. Duk wanda ya taɓa kafa rumfar tampol a kasuwa ya san shekara nawa take yi. Rufin ya yage, ruwa ya shiga, fatar kujera ta ruɓe, katakon cikin bodi ya sha ruwa ya zube, ƙasan motar ya yi tsatsa. Mai rufin ƙarfe za ta iya shekara goma a waje ta jure, buɗaɗɗiya damina biyu ta ishe ta. Sai kuma yaƙi ya zo daga 1939 zuwa 1945. Sojoji suka ƙwace motocin mutane a ƙasashen Turai, bama-bamai suka ƙone wasu a cikin garejinsu, a Amurka da Ingila aka yi ta tara tsohon ƙarfe ana narkawa don kayan yaƙi. Bayan yaƙi mutane na neman abinci, wa zai riƙe mota mai shan mai kamar rijiya? Da yawa an ba da su a banza. To, wadda ta tsallake ruwa, ta tsallake wuta, ta tsallake 'yan gwangwan ɗin zamaninta, kuma ba wanda ya canja mata inji ko ya yanke mata baya ya mayar da ita a-kori-kura, ka ga ba ƙaramar sa'a ta yi ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wata Marsandi ce, Mercedes-Benz 540K, samfurin da suke kira Special Roadster, ƙirar 1936. Ita kam tana da rufin da ake naɗewa. Doguwar gaba ce da ita, wurin zama na mutum biyu, bayanta ya zube ƙasa a hankali kamar jelar babbar riga. Injinta lita 5.4 ne, silinda 8 a jere. Harafin K ɗin nan na nufin wata na'ura ce mai hura iska cikin inji, aikinta ɗaya da zugazugin maƙeri. In kana tafiya a hankali ƙarfin doki 115 take bayarwa, in ka take totur har ƙasa sai na'urar ta kama da wani irin kuka, ƙarfin ya tashi zuwa 180, ta kai kilomita 170 a awa. A 1936 fa! Duk 540K da aka yi ɗari huɗu ne da 'yan kai, masu wannan bodin kuwa ba su kai talatin ba. Ba duka ne tarihinsu ke da daɗin ji ba, don manyan muƙarraban Hitila ma sun hau irinta.

Wannan ɗaya da nake magana ta wani gidan sarauta ce na Jamus. Bayan yaƙi 'yar gidan ta tsallaka da ita Amurka a jirgin ruwa, ta ajiye ta a wani gareji a garin Greenwich na jihar Connecticut. Daga baya ta koma Turai, ta zauna a Siwizalan ita kaɗai ba ta hulɗa da kowa, har ta rasu a 1989. Motar na can a kulle shekaru gommai. Da aka buɗe garejin an tarar da guntayen sigari a mazubin toka da shatin jan bakinta a jiki, da safar hannunta a cikin motar. Wanda ya mallake ta daga baya ya gyara ta ya sabunta fenti, amma injin nata ne, bodin nata ne, kuma an san hannun da ta bi tun daga ranar da ta bar masana'anta. A watan Agustan 2012 aka sayar da ita a gwanjo kan dala miliyan 11.77.

Da yaron ya kai wurin guntayen sigarin nan sai na ce ya dakata. Ban san matar ba, rayuwarta da tawa ko a mafarki ba su haɗu ba, amma sai da na ji wani abu a ƙirjina. Mutum ya kashe sigarinsa, ya rufe ƙofar mota da niyyar zai dawo, bai dawo ba. Abin da masu sayen nan ke biya ke nan, a fahimtata. Ƙarfe ana iya bugawa, kuma akwai gwanayen da za su ƙera maka bodi irin wannan sak, har ya fi na asalin santsi. Abin da babu maƙerin da zai iya yi shi ne ya mayar da sabon ƙarfe wanda aka buga a 1936, ko ya sa sitiyari ya sulɓe a daidai inda wani ya riƙe shi shekara da shekaru.

Nan kuma ɗan kasuwa ya san abin da ke biyo baya: duk inda asali ya yi tsada, jabu na bayansa. A sana'ar Baba na ga masu binne sabuwar tasa a ƙasa wata uku, ko su rataye ta a madafa ta sha hayaƙi, su fito da ita su ce ta kakan kaka ce. Baba ya tsani wannan, yakan ce in ka sayar wa mutum shekarun ƙarya ka ci kuɗinsa da haram. A motoci ma haka ake yi. Akwai 540K da aka fito da su da wani bodi mai araha, daga baya aka cire aka ɗora musu irin na mai tsadar. In mai sayarwa ya faɗi gaskiya babu laifi, amma kuɗinta ba ya kusantar na asalin. Shi ya sa masu saye ke kwanciya ƙarƙashin mota da tocila suna duba lambar shasi da ta inji, su gwada da littafin kamfani, su bi rasit da tsofaffin hotuna, wane ya sayar wa wane, a wace shekara. In an sami giɓi a tsakani, daraja ta ragu. Mu da muka zauna gaban malamai abin bai zama mana baƙo ba: magana ma sai an san daga bakin wa ta fito, shi kuma daga wa ya ji, kafin a riƙe ta.

Na kai wannan hirar wurin wani abokina malami, wanda muka yi Islamiyya tare. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, duk na ji. Amma rijiyar burtsatse nawa kuɗin nan zai haƙa?" Ba ni da amsar da za ta ture wannan, kuma ban nemi in ture ta ba. Akwai alfahari a harkar, akwai masu sayen motar su kulle ta kamar yadda wani ke ɓoye dala yana jiran ta tashi. Wannan tsakaninsu da Ubangijinsu. Abin da na ce masa shi ne kuɗin daban, kulawar daban. Kafin motar nan ta kai miliyoyi, sai da ta bi hannun mutanen da suka share mata ƙura lokacin ba ta da wannan kuɗin, suka ga fenti ya ɓare suka danne zuciyarsu ba su kira mai fenti ba. Wannan haƙurin shi na rasa ranar da na ɗauki toka da lemun tsami.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa maganar ta dame ni har nake rubuta ta. Duk wanda ya shiga gidanmu ya ga Fijo 404 ɗin Baba a bayan zaure. A 1978 ya saye ta sabuwa, haɗin Kaduna, fara, giyarta a jikin sitiyari. Da ita muke zuwa gida hutun Sallah, mu bi Ilori, mu haye gadar Jebba, mu yara a baya an cusa mu tsakanin buhun gari da kwandon goro. Tun da ƙafarsa ta fara ciwo aka jingine ta. Da ya rasu aka zo rabon gado, kuma ni aka ɗora wa lissafin. Magada goma sha ɗaya ne. 'Yan gwangwan suka zo suka zaga ta, suka taya kuɗin da bai kai na ragon layya ba, kuma yawancin 'yan'uwa suka ce a ba su a huta, a sami filin shanya.

Na shiga motar na zauna ni kaɗai. Kujerar direba ta lotsa daidai jikinsa. Carbinsa na rataye a madubi. A jikin ƙofa, inda yake ɗora gwiwar hannu, fentin ya cinye har ƙarfe ya fito. A cikin akwatin gaba na tarar da takardunta cikin leda, har da rasit ɗin ranar da ya biya. Raina ya ƙi. Amma ƙin raina ba hujja ba ce a dukiyar magada, kuma a cikinsu akwai ƙannena mata da ke da marayu a hannu. Ba zan riƙe haƙƙinsu don ina jin kewar uba ba. Watanni maganar na rataye, na kasa cewa a sayar, na kasa cewa a bari.

Bayan karatun nan da muka yi da yaron ne na sami mafita. Na kira kanikawa biyu daga wajen unguwa, waɗanda ba su san ni ba, kowa ya yi mata kuɗi daban. Na ɗauki mafi yawan, wanda ya ɗara na 'yan gwangwan, na biya daga rabona gaban shaidu, aka raba wa kowa nasa. Yayata ta karɓi nata, ta dube ni ta ce, "Oh, Liman! Kai da kake mana wa'azin duniya ba wurin zama ba ce, kai ne ka rungumi tsohon ƙarfe?" Na ce, "Yaya, gaskiyarki." Don gaskiyar tata ce. Sai dai da za ta fita na ga ta tsaya a jikin motar, ta leƙa ta taga ta daɗe tana kallon carbin.

Kada wani ya ɗauka ina jiran Bature ya zo da fam. Fijo 404 an yi ta da yawan gaske, har yau akwai masu ɗaukar itace da ita a ƙauyuka, ba ta da alaƙa da kasuwar waɗancan motoci. Guda ɗaya ce dai a duniya da gwiwar hannun Baba ta cinye wa fenti.

Rigimar da ta rage tsakanina da ɗana ce. Shi da ya kawo mini labarin Bugatti, shi ne yanzu yake cewa, "Baba, a fesa mata sabon fenti, a sa mata injin Toyota da na'urar sanyi, ka ga ta zama mota." Na ce masa a gyara birki, a sa tayoyi, a wanke tanki, a canja mai, a tare tsatsar da ta fara ci ta ƙasa kada ta yaɗu. Wannan duk kiyayewa ne. Fenti kuwa da kujera ba mai taɓa su ina raye. Ya ce mutane za su yi dariya in na fito da ita haka. Na ce ai mu ma mun yi wa ta sarkin Beljiyam.

Yanzu haka tana kan bulo huɗu, an yi mata rumfar kwano don damina, takardunta kuma na cire su daga leda na sa a cikin adakar Baba tare da takardun gida. Jama'ar Sabo, gidajenmu cike suke da irin waɗannan: keken Raleigh na kaka, teburin mai shayi na farko a layi, keken ɗinkin da aka yi wa rabin unguwa kayan Sallah da shi, hotunan da aka ɗauka lokacin da nan duk daji ne. Ban ce a tara tarkace ba, gidajenmu ma ba su da filin. Amma kafin a kira mai gwangwan ko mai fenti, a kira dattijon gidan a tambaye shi labarin abin, a sa yaro ya rubuta a takarda, a ajiye tare. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu iya riƙon abin da suka bari.